Kashi Sittin da Biyu

Litinin, 11 ga Agusta

Kwamfutar shago ta mutu da safiyar yau. Ina cikin jera zare na ji tana wani ƙas-ƙas-ƙas daga ciki kamar agogon bango, allon ya yi baƙi, shi ke nan. Na kashe na kunna ya fi sau goma.

Ba don injin surfani ba da ban damu haka ba. Injin ba ya ɗinka ko ɗigo sai kwamfutar ta tura masa zane, kuma ba kowace kwamfuta yake yarda da ita ba. Tsoho ne, kebul ɗinsa mai faɗin kai ne, a bayan wannan akwatin kaɗai yake da mazauni. Yaya ne ya haɗa min ita shekara bakwai da suka wuce, daga guntayen kwamfutocin da mutane suka watsar a shagonsa.

Ga bajon makaranta ɗari huɗu a kaina. Shugabar makarantar tana son su ranar 29, kafin yara su koma. Ko ɗaya ban fara ba.

Sai da na lalubo lambar Yaya har na danna kira kafin na tuna. Na katse da sauri. Wata huɗu ke nan da hawan jini ya kayar da shi, amma hannuna bai sani ba har yanzu.

Talata, 12 ga Agusta

Na kinkimi akwatin zuwa layin masu gyara. Mai gyaran da aka nuna min ya san Yaya, ya ce tare suka koyi aiki. Ya tambayi jikinsa, na ce da sauƙi. Haka nake ce wa kowa.

Ya kara kunne a jikin akwatin ya ce faifan ajiya ne ya tafi, duk abin da ke ciki ya bi shi. Ya sa sabo. Saura a loda mata babbar manhaja, wadda in babu ita kwamfuta akwatin ƙarfe ce kawai. Ya soka fulash, ya ce in je in dawo bayan azahar, aikin minti arba'in ne.

Na dawo na tarar da ita a kashi sittin da biyu cikin ɗari. Ya ce tun ɗazu take nan. 'Yan ɗigon da ke juyawa a allo sun tsaya cak, linzamin kwamfutar ba ya motsi. Ya ce laifin fulash ne, gobe zai kawo wani.

Laraba, 13 ga Agusta

Wani fulash, sittin da biyu. Na uku, na maƙwabcinsa, sittin da biyu.

Rabin hankalin mai gyaran yana kan wayoyin da ake ta miƙo masa ta taga, tawa ta tare masa tebur ne kawai. Daga ƙarshe ya ce babban allon ciki ne, wanda komai ke manne a jikinsa, ya tsufa, in haƙura in sayi sabuwar kwamfuta. Na ce sababbin ba su da ramin kebul ɗin injina. Ya ce akwai ɗan mahaɗin da ake sawa. Na san shi sarai. Yaya ya taɓa gwada min, injin ya riƙa tsallake layi, ya ɗinka wa wata ƙungiya tambari da harafi a karkace, muka sha kunya.

Na ce ya ɗaure min kayana. Da zan fita ya ce, "Da yayanki na kan ƙafarsa, da ido kawai zai gano ta." Ya zaci daɗi zan ji.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ban buɗe shago ba. Baban yara ya kira daga hanya, ya ce in gwada kashe ta in sake kunnawa. Na gode masa.

Asabar, 16 ga Agusta

Na je gidan Yaya. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, ba dubiya ce ta kai ni ba. Akwatin kayan aikinsa na je ɗauka, da ƙaramin faifan da yake kwafe min zanena a ciki. Rabona da gidan sati biyar.

Anti, matarsa, ta buɗe min ƙofa ta ce, "Yau ke ce a gidan namu?" Ta yi gaba, ba ta ƙara ba. Gara ma da ta zage ni.

Yana kan kujera kusa da taga, an ɗora hannun damansa a kan matashi kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. Ya rame. An yi masa aski, ba irin wanda yake so ba. Mutumin da in zai zo shagona duk layi sai ya sani, tun daga bakin titi yake ƙwala min kira, Auta, me kika sake ɓata min? Yanzu kalmominsa ba su fi biyar ba. To, a'a, ke, cokali. Likita ya ce yana ji yana fahimta, hanyar fitar maganar ce ta toshe, in ya nemi wata kalma wata ce ke fitowa. Yawanci cokali. Ruwa cokali, takalmi cokali. Da wani ne abin ya sama, shi zai fara kwaikwayonsa har mu yi hawaye don dariya.

Na gaishe shi da ƙarfi kamar kurma. Sannan na juya wajen Anti na yi ta tambayarta, yana cin abinci, yana samun barci, kamar ba ya ɗakin. Minti ashirin na yi, na duba agogo sau uku. Da na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ya bi shi da ido har ƙofa. Ban gaya masa abin da zan yi da shi ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

A ƙasan akwatin, ƙarƙashin sukudirebobi, na sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A bango ya rubuta "Kwamfutar Auta". Komai na ciki da rubutun nan nasa kamar kaza ta yi tono: maɓallin da ake dannawa da an kunna don a shiga saitin ciki, yadda ake sa ta tashi daga fulash, yadda ake loda manhajar injin daga baya, har lambar sirri. A wani shafi ya rubuta "kar ki taɓa wannan" ya ja masa layi uku.

Shekara bakwai ina roƙonsa ya koya min, yana cewa bar shi kawai, in ta yi tari ki kira ni. Ashe yana rubutawa. Bai ba ni ba. Na rasa ko daɗi zan ji ko haushi. Haushin ya fi yawa.

Na kulle ƙofar shago ta ciki na bi shafi-shafi. Akwai fulash ɗinsa a akwatin, ya liƙa masa takarda. Ta fara. Goma, talatin, hamsin da biyar, na ji ina matse cinyata da hannu. Sittin da biyu.

Na jira awa biyu da agogo, ko dai tunani take yi. Fanka na juyawa, amma 'yar fitilar kibod ba ta amsawa in na danna. Littafin bai ce komai a kan wannan ba. A littafinsa komai tafiya yake daga ɗaya zuwa ɗari.

Litinin, 18 ga Agusta

Na bi duk abin da na gani a bidiyon waya. Na mayar da fulash ramin baya maimakon na gaba. Na cire firinta, na cire lasifika, na cire kebul ɗin injin, na bar kibod da allo kawai. Na goge sabon faifan na sake raba shi. Na shiga saitin ciki na mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, har wanda ya ja wa layi uku na taɓa, ina waiwayen ƙofa kamar zai shigo ya kama ni. Sau ɗaya ta tsaya a hamsin da takwas, har na ji wani irin daɗi, ko ba komai an samu canji. Ta gaba, sittin da biyu.

Kowane gwaji minti ashirin da biyar ne na zama a gaban allo. Ga yadin bajo a yanke a jere, ga zare shuɗi da ruwan ɗorawa na ɗaura wa injin tun ranar Litinin ɗin can. Ƙura ta fara hawa.

Shugabar makaranta ta kira. Na ce aiki na tafiya, Malama.

Talata, 19 ga Agusta

Anti ta kira da hantsi. Matar da ke zama da Yaya in ta tafi aiki ta kwanta rashin lafiya, ita kuma hutun da aka ba ta a ofis ya ƙare tun tuni, in ta sake fashi za a sallame ta. Ko za ta riƙa kawo shi shagona da safe ta ɗauke shi da yamma, kwana uku kawai?

Na fara jero mata. Shagon matsattse ne, akwai zafi, akwai tudu a bakin ƙofa, ga shi ina cikin matsala. Ta bari na gama tas.

"Ni ba ni da inda zan gudu, shi ya sa nake nan," ta ce. "Ke kina da shi, na gani. Amma gobe ƙarfe takwas zan kawo shi."

Ta kashe. Na daɗe riƙe da wayar.

Ba ƙinsa nake ba. Shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta a bayan keke, shi ya tsaya min da Baba ya ce ɗinki ba sana'ar mai karatu ba ce. Kawai in na dube shi yanzu sai in ji kamar, ban sani ba. Kamar ana nuna min wani ana cewa in kira shi Yaya.

Laraba, 20 ga Agusta

Yau ba zan so in sake ganin irinta ba.

Ni da Anti da mai kemis na kusa da mu muka ɗaga keken guragun da yake kai muka haye tudun ƙofa. Na ajiye shi a lungu kusa da fanka, na kunna masa rediyo, na juya masa baya na ci gaba da abin da nake. Ban yi masa bayani ba. Amma allon yana fuskantarsa, kuma mutum ne da ya yi shekara ashirin yana kallon irin wannan allon.

Da ta tsaya a sittin da biyu na ji ya yi wani gurnani. Na waiwaya, yana nuna akwatin da hannun hagu. Ya ce cokali. Na haɗa masa shayi na kawo da cokali. Ya kawar da kai. Ya sake nunawa, cokali, cokali. Na ɗauko fulash, ya ce to. Na miƙa masa, ya ture. Na ɗauko littafinsa, ya ce a'a, amma ya miƙo hannu. Na ba shi, ya buɗe, ya zuba wa rubutun kansa ido, ya daɗe, sannan ya rufe. Ashe karatun ma ya tafi. Ba wanda ya gaya min. Ko an gaya min ban saurara ba.

Na sake gwadawa, ta sake tsayawa, ya sake farawa. Muryarsa na ƙara sama, yana dukan hannun keken. Garin miƙa hannu ya ture allon da nake jera zare, ƙwaryar zare sama da sittin suka watse a ƙasa, suna gangarawa har ƙarƙashin inji.

Abin da na ce, zan rubuta shi yadda na faɗa, don kar gobe in rage masa nauyi.

"Shekara bakwai ina cewa ka koya min, kana cewa in kira ka. To ga ni, ga ka. Faɗa min mana. Cokali zan soka mata?"

Bai sake cewa uffan ba har yamma. Na durƙusa ina tsintar zare, ban ɗago ba.

Wajen ƙarfe biyu na lura yana ta mutsu-mutsu, gumi a goshinsa. Banɗaki yake so, kuma da alama ya daɗe, ya ƙi neman taimakona. Na ruga na kira mai kemis. Shi ya kai shi, shi ya dawo da shi, ya gyara masa riga, yana ta yi masa hirar ƙwallo kamar ba abin da ya faru. Baƙo ya fi ni.

Alhamis, 21 ga Agusta

Anti ta ce jiya bai ci abinci ba. Ta dube ni, ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Kafin ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya min abin da mai koyar da magana a asibiti ta koya mata. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, wadda amsarta i ko a'a ce. Kar in bi ta bakinsa, "to" da "a'a" cakuɗe masa suke, in kalli babban yatsansa, sama ko ƙasa. In na tambaya in ƙirga ashirin a zuciya kafin in sake magana. Kar in ƙarasa masa kalma. Wata huɗu ta san wannan. Ni sai yau.

Na ba shi haƙuri. Ban iya da kyau ba, ina kallon takalminsa na faɗa. Bai ɗaga yatsa ba, bai sauke ba.

Na kwance murfin akwatin, na ɗora shi a kan kujera a gabansa, na ɗauki fensir. Na ce zan riƙa taɓa abu ɗaya-ɗaya. Da zan sa hannu ciki ya buge min yatsu, ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfen akwatin. Na tuna haka yake yi kullum kafin ya taɓa komai, wai don wutar jikin mutum.

Ashirin tana da tsawo. Ban taɓa sani ba. A bakwai bakina ya fara ƙaiƙayi.

Ya ɗaga yatsa a kan jan kebul ɗin da ya haɗa faifan ajiya da babban allo. Akwai sabo a akwatinsa, na canza. Minti ashirin da biyar. Sittin da biyu. Ya nuna fankar tsakiya. Na kwance ta, ƙura ta toshe ta kamar auduga, na share, na goge tsohon man da ya bushe a ƙarƙashinta na shafa sabo, yana nuna min da yatsu cewa kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa. Minti ashirin da biyar. Sittin da biyu.

Na waiwaya in tambaye shi sai me, na tarar barci ya kwashe shi, baki a buɗe. Awa uku kawai, sun gajiyar da shi kamar ya yi dako.

Wata zuciyar tana ce min nuna abubuwa kawai yake yi don ina tambaya. Watakila likita lallashinmu yake. Watakila babu kowa a ciki sosai. Na rubuta, Allah ya yafe min.

Juma'a, 22 ga Agusta

Shugabar makaranta ta zo da kanta, ba sanarwa. Ta ga akwati a buɗe, ga hanjinsa a waje, ga inji a lulluɓe da zane, ga yadi ba a taɓa ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara biyar tana kawo min aiki, ko gaskiya ai ta cancanci in gaya mata. Ta ce za ta kwashi ɗari uku ta kai wani wuri, ta bar min ɗari na sababbin ɗalibai, in Talata ta yi ba ta ga samfuri ba su ma za ta aiko a ɗauka. Ni na ƙirga mata yadin da hannuna na zuba a leda.

Da za ta fita ta lura da Yaya. Ta sassauta murya ta ce min, "Allah sarki. Yana gane mutane kuwa?"

A gabansa. Taku biyu tsakaninsu. Na ce ta tambaye shi mana, ga shi nan. Ta ɗan diririce ta gaishe shi da ƙarfi, ta fita. Raina ya ɓaci da ita ƙwarai, har sai da na tuna Asabar ɗin da ta wuce, da wadda ta tsaya a ɗakinsa tana tambayar ko yana cin abinci.

Na zauna ban taɓa komai ba. Shi ne ya ƙwanƙwasa hannun keke. Ya nuna fensir.

Na bi sauran abubuwan. Akwatin wuta, yatsa ƙasa. 'Yar batir mai kama da kwabo, ƙasa. Sai wasu siraran sanduna biyu kore da ke tsaye a jere, ram, inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai kafin ta ajiye. Na ƙirga har sha shida. Yatsa sama. Na tambaya ko in cire su, ya yi ƙasa. In goge su? Ƙasa. Ya ɗaga yatsu biyu, ya lanƙwasa ɗaya. Ya sake. Ya buɗe baki, na ga yana kokawa da kalmar, jijiyar wuyansa ta tashi, na san me yake so ya ce, tana kan harshena. Na cije leɓe. Abin da ya fito cokali ne. Ya runtse ido.

Na ce, in cire ɗaya in bar ɗaya? Sama.

Na cire ta dama. Wannan karon ko ashirin ba ta kai ba ta daskare. Na ce mun ƙara ɓata ta. Shi kuwa ya yi wata ƙara a maƙogwaro, yana juya hannu, musanya, musanya. Na zare wadda ke ciki na mayar da ɗayar.

Talatin. Hamsin. Sittin. Na juya wa allon baya, na kasa kallo, fuskarsa na kalla. Ba ta canza ba, rabinta ai ba ta canzawa. Sai da ya ɗaga haɓa na waiwaya. Sittin da bakwai.

Sanda ɗaya ce ta lalace. Kwana goma sha ɗaya, da bajo ɗari uku, saboda abin da bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Na zaci zan yi ihu in ta kai ɗari. Ban yi ba. Ya yi dariya da gefen bakinsa mai motsi, yawu ya zubo masa a riga, ya ga na gani. Na ɗauki ƙyalle na goge masa, ban kawar da kai ba. Karo na farko ke nan da na taɓa fuskarsa tun da ya faɗi.

Asabar, 23 ga Agusta

Na loda manhajar injin, na dawo da zanena daga ƙaramin faifai. Na ƙarshe da ya kwafe na watan Maris ne, duk abin da na zana bayan nan ya tafi. Da sanda ɗaya kwamfutar tafiyar tsohuwa take yi, amma tana tafiya. Bajo na farko ya fito ƙarfe huɗu. Ba kowa a shagon da zan nuna wa.

Talata, 26 ga Agusta

Na kai samfuri. Ta karɓa, ta juya shi, ta ce ya yi. Ba ta ce komai game da shekara mai zuwa ba. Ina jin na rasa makarantar nan.

Alhamis, 28 ga Agusta

Na raka su asibiti, ban taɓa raka su ganin likita ba. Likita ya ce ƙafar za ta iya ƙara ƙarfi in an dage da motsa jiki. Hannun, sai abin da Allah ya yi. Maganar kuwa, ya ce yawancin abin da zai dawo yakan dawo a watannin farko, kar mu sa rai da yawa. Wannan likitan shi yake kallo in yana magana, ba mu ba. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga yatsa sama, wato ya gane.

A harabar asibiti Anti ta ce in riƙe keken za ta sayo ruwa. Na hango ta bayan wata mota, ta dafa bango, kafaɗunta na rawa. Na juya keken ya fuskanci wani wajen, na yi ta ba shi labarin mai gyaran nan da fulash ɗinsa uku. Ta dawo babu ruwan a hannunta.

Juma'a, 29 ga Agusta

Na kai bajo ɗarin. Shago shiru, sai gyaran wando biyu.

Talata, 2 ga Satumba

Matar da ke zama da shi ta warke tun ranar Lahadi 24 ga Agusta, don haka ba sauran dalilin kawo shi. Hakan ya fi wa kowa sauƙi. Shagon da gaske matsattse ne.

Da hantsi mai fotokofi na ƙarshen layi ya shigo da akwatin kwamfutarsa a kafaɗa. Tana kunnuwa ta mutu, tana kunnuwa ta mutu, an ce masa na tayar da tawa. Na ce ni tela ce. Ya ce to wa zai kai wa? Na ji bakina yana cewa ya bar ta nan, ya dawo Alhamis da la'asar, mai duba ta da safe yake aiki kuma ba ya son gaggawa.

Na kira Anti na ce ina neman wanda zai riƙa tsare min shago in na fita sayen zare, Laraba da Alhamis kawai, in ba damuwa. Ta ce za ta tambaye shi. Na ji ta tana tambayarsa, na ji shirun, ni ma ina ƙirgawa daga nan.

Wani kafinta zai zo da yamma ya kafa katako mai gangare a tudun ƙofa. Dama ina shan wahalar shigo da bandir ɗin yadi.